Aikin da nas ke bayarwa, da wanda ba ta bayarwa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kusan duk rayuwar aikina a ɗakunan kwantar da marasa lafiya na asibitin gwamnati na yi ta: ɗakin mata, ɗakin maza, ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. Abin da zan ba da shaida a kai abu ne da duk wanda ya taɓa zaman jinya a Arewa ya gani da idonsa, ko da bai tsaya ya lura ba. Idan dare ya yi, nas ɗaya ko biyu ne ke kwana da ɗaki cike da gadaje. Wanka, juya wanda ba ya iya motsi, sauya zanin gado, zubar da fitsari, ba da abinci, tura majinyaci ɗakin hoto, mafi yawan wannan ba hannun nas ke yin sa ba. Mataimakan ɗaki ne ke yi, su da 'yan uwan da suka zo jinya. Babu mai lasisi a cikinsu, amma su ne suka fi kowa taɓa jikin majinyaci.

Lasisin yana hannun nas. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke ba da shi, ita kuma ke iya karɓe shi. Mataimakiyar ɗaki ba ta cikin wannan rajista. Kada kuma a haɗa ta da jami'an lafiyar al'umma da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya, don su suna da horonsu da tasu hukumar, kuma tsarin raba ayyuka da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2014 irinsu ya shafa, ba wadda aka ɗauka don gyaran gado da taya wanka ba. Saboda haka idan nas ta sa mataimakiya aiki, aikin ne kawai ya koma hannunta. Wadda za a tambaya da safe, in abu ya lalace, ita ce wadda ta sa aikin.

Akwai abubuwan da ba a bayarwa ko ɗaki ya cika ya batse. Allura, ba da magani, ɗaura ƙarin ruwa ko sauya gudunsa, ƙarin jini, saka robar fitsari, saka robar ciyarwa ta hanci, wankin babban ciwo, da yi wa dangi bayanin sakamakon gwaji. Sama da duka, ba a ba wa kowa aikin yanke hukunci a kan halin da majinyaci ke ciki. Mataimakiya tana iya auna zafin jiki ta kawo lamba. Ko lambar nan tana nufin a kira likita yanzu ko a jira zagayen safe, wannan na nas ne.

Sai dai inda sababbin nas suka fi tuntuɓe ba a wannan jerin ba ne, don kowa ya haddace shi tun yana makaranta. Suna duba sunan aikin ne, su manta da wanda za a yi wa. Ba da abinci aiki ne mai sauƙi in mutum ya karye a ƙafa ne, bakinsa lafiya lau. Aikin nan ɗaya, ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye jiya, yana iya zama ajali. Tura keken majinyaci zuwa ɗakin hoto ba komai ba ne, amma in wanda ke ciki yana kan iskar oksijin ko bai daɗe da fitowa daga tiyata ba, nas ce ya kamata ta raka shi. Kafin a ba da kowane aiki, nas ta fara zuwa bakin gadon ta ga mutumin a yau, ba yadda ta bar shi shekaranjiya ba. Wanda jikinsa ke sauyawa daga awa zuwa awa, ita za ta riƙe shi da kanta, ta raba wa mataimaka waɗanda suka daidaita.

Sannan sai sanin wanda za a ba. "Na iya" ba shaida ba ce. Sabon mataimaki, a tsaya a kansa ya yi aikin sau ɗaya ana kallo, a ga yadda yake ɗaura na'urar awon jini, wato ta gwada hawan jini, yadda yake riƙe kafaɗar wanda zai juya, ko yana sauya safar hannu tsakanin gado da gado. Tsoffin hannu kuwa nasu lamarin daban ne. Sau da yawa mataimakiyar ta haifi nas ɗin, ta riga ta shiga ɗakin da shekaru masu yawa, ta ga mataron, wato shugabannin nas-nas, sun zo sun wuce. Yarinya da ta gama makaranta bara sai kunya ta hana ta cewa "Inna, ba haka ake yi ba." Gaskiya ne Inna ta san abubuwan da ba a koyarwa a aji: tana iya gane wanda jikinsa ya fara rikicewa tun daga bakin ƙofa. Amma tana iya kasancewa ta daɗe tana yin wani abu ba daidai ba, ba wanda ya taɓa gyara mata. Girmamawa tana cikin yadda za a faɗi magana, ba a cikin haɗiye ta ba.

Yadda ake ba da umarnin ma shi ne rabin aikin. Kalmar da ta fi cutar da marasa lafiya a ɗakunanmu ita ce "ki riƙa duba shi." Duba me? Yaushe? In ta ga me za ta dawo? Ga yadda nas da ta san aikinta ke faɗa a farkon aikin dare:

"Inna, don Allah Baba na gado na shida, wanda aka yi wa aiki da rana. Na zubar da jakar fitsarinsa yanzu ƙarfe takwas, babu komai a ciki. Ƙarfe goma sha biyu ki duba mini. In bai kai wannan layin ba," sai ta manna filasta a jikin jakar daidai mililita 120, "kada ki zubar, ki kira ni in gani. In kin ga jini a ciki, ko ya ce mararsa ta cika tana ciwo, kada ki jira sha biyu."

"To Sista. Sha biyu, in bai kai filasta ba in kira ki. Jini ko ciwon mara, nan take."

Maimaitawar nan da Inna ta yi ba ƙawa ba ce. A nan ake kama rashin fahimta tun bai yi ɓarna ba. Filastar kuma saboda ba kowace mataimakiya ce ke karanta ƙananan lambobin jikin jakar ba, balle da tocila in an ɗauke wuta. Lissafin shi ne babban mutum ya kamata ya fitar da aƙalla kimanin mililita 30 a awa, wato rabin mililita ga kowane kilo na nauyinsa. In ya gaza haka awa huɗu a jere, ko dai robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinyarsa, ko ta toshe, ko jini na zuba a ciki, ko ƙoda ta fara gazawa. Na farkon ana gyara shi cikin daƙiƙa. Sauran na likita ne, kuma nas ce za ta bambance. Jakar kanta a rataye ta ƙasa da mafitsara don kada fitsarin ya koma ciki, kada ta taɓa ƙasa, a zubar kafin ta cika maƙil, kuma kada bakin zubarwar ya taɓa kwanon da ake zubawa. Masu jinya suna son ɗora ta a kan gado don kada 'yan dubiya su gani. Daga nan ciwon mafitsara ke farawa.

Awon jiki shi ne aikin da aka fi bayarwa, shi ne kuma aka fi yi wa ha'inci, ba don mugunta ba. Idan kika buɗe takardar awo kika ga numfashi 20, 20, 20 a gado bayan gado, safe da yamma, to ba a ƙirga ba. Na'ura tana ba da bugun zuciya da awon jini, amma numfashi sai mutum ya tsaya minti ɗaya cur yana kallon ƙirji, kuma ba tare da majinyacin ya san ana ƙirgawa ba, don da ya sani zai sauya. Abin takaici, numfashi ne ke fara sauyawa idan jiki zai rikice, sau da yawa tun kafin awon jini ya faɗi. Don haka nas ta zaɓi gado biyu ko uku ta sake ƙirgawa da kanta, ta gwada da abin da aka rubuta. Ba sai ta ce komai ba. Da zarar an san tana yin haka, lambobin za su fara bambanta.

Ga babban mutum, lambobin da nake bai wa mataimaka su kira ni a kansu ba su da yawa, don su zauna a ka: numfashi 25 ko sama a minti, ko ƙasa da 10, bugun zuciya sama da 110 ko ƙasa da 50, lambar sama ta awon jini ƙasa da 100, zafin jiki 38 zuwa sama, iskar oksijin ta jini ƙasa da kashi 92 cikin ɗari. Likita yana iya sa wa wani majinyacin nasa iyakar daban, sai a bi wannan. Na yara kuma daban ne gaba ɗaya. Bayan lambobi akwai abin da ba ya aunuwa: wanda ke hira ɗazu ya koma barci mai nauyi, ko ya fara surutai, ko gumi mai sanyi ya rufe shi. Mai ciwon suga da ya yi haka, a gwada sugansa nan take, don ƙasa da 70 a ƙaramar na'ura, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ba abin jira ba ne. Na'urorin ma suna ƙarya. Ɗamarar awon jini in ta yi wa mai ƙiba kaɗan, lambar za ta haura fiye da gaskiya. Ƙaramar na'urar yatsa mai auna iskar jini kuma sanyin hannu ko jan farce ko baƙin lalle suna rikita ta, sai a sauya yatsa, a kuma dubi mutumin kansa.

Juya majinyaci kuwa, a nan nake daɗewa da duk wanda na koya wa aiki. Wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ba a kifa shi kan ƙashin kwatangwalo gaba ɗaya, ana ɗan karkata shi ne a tokare bayan da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dunduniya ta bar katifa ta hanyar sa filo ƙarƙashin ƙwauri. Mutum biyu ke yi, su ɗaga shi da zanin gado. Jan mutum a kan katifa yana yage fatar tsatso daga ciki tun ba a ga komai a waje ba. Zanin ya zama busasshe, ba tattara, ba ɓurɓushin abinci.

Littattafan da muka karanta sun ce a nemi ja a fata. A jikin mutanenmu jan nan ba ya fitowa yadda aka zana shi. Mataimakiya da aka ce wa ta nemi ja za ta dawo ta ce babu, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da za a koya mata shi ne ta nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ta taɓa da bayan hannu ta ji ko ya fi zafi, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi fiye da ƙima. Wuraren su ne tsatso, dunduniya, kwatangwalo, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙeya, da bayan kunne ga mai robar oksijin. In an samu, ba a murza wurin, ba a shafa man zafi, ba a barbaɗa hoda. A ɗauke nauyi daga kansa a kira nas. Ita kuma nas, ko ba a kira ta ba, sau ɗaya a kowane aiki ta kasance a wurin lokacin juyawar ta ga bayan da idonta. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko ana juyawa ita ce a sa tsari: ƙarfe goma yana fuskantar taga, sha biyu yana fuskantar ƙofa. In ta wuce ƙarfe ɗaya ta gan shi yana kallon taga, ba sai ta tambayi kowa ba. Gyambon kwanciya yana iya farawa cikin 'yan awoyi, warkewarsa kuma watanni.

Masu jinya na gida su ne rukunin da ba a rubuta su a tsarin aiki ba, alhali su ke cike giɓin. Ba a ɗauke su aiki ba, ba za a iya ba su horo na mako ba, kuma ƙauna ce ke tura su yin abin da ke cutarwa. Na ga wata yarinya zaune a gefen gadon mahaifiyarta da ɓarin jikinta ya shanye, tsohuwar na kwance a miƙe, 'yar tana ɗura mata kunu cokali bayan cokali tana cewa "Umma daure ki sha, kwana biyu ba ki ci komai ba." Kunun na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace, tsohuwar na ɗan tari ƙasa-ƙasa, idonta na kawo ruwa, muryarta ta koma kamar mai kurkurar baki. Kowa a ɗakin yana ganin 'ya ta gari, kuma ita ce. Amma wani ɓangare na kunun huhu yake tafiya, kuma irin wannan ne ke dawowa da zazzaɓi da nimoniya bayan kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba a ba shi komai ta baki sai nas ko likita ya gwada haɗiyarsa. In an yarda ya ci, a zaunar da shi sosai, kai ya ɗan sunkuya gaba, cokali ƙarami, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a duba kumatu ko abinci ya maƙale, a bar shi zaune aƙalla minti 30 bayan ya gama. Tari, sarƙewa, ko sauyin murya, a tsaya. Ruwa tsararo ya fi kunu mai kauri saurin sarƙe mutum, abin da dangi ba sa tsammani. Mai robar hanci kuma, nas ce ke tabbatar da robar na cikin ciki kafin kowace ciyarwa, don tana iya zamewa in ya yi tari ko ya ja ta da hannu.

Haka wanda za a yi wa tiyata da safe aka ce kada ya ci komai. A faɗa wa majinyacin, a faɗa wa mai jinyarsa, a faɗa wa wadda za ta karɓe ta da dare, don masu jinya ma suna yin canji, kuma wadda ta zo da asuba da fulas ɗin shayi ba ta ji bayanin jiya ba.

Ƙarin ruwa yana da nasa rikicin. Dangi suna ganin ruwa mai gudu shi ne magani mai aiki, sai wani ya murza makullin da ke daidaita gudun ruwan don a gama da wuri. Da robar da aka saba amfani da ita, ɗigo 20 ne mililita ɗaya, don haka leda mai mililita 500 da aka ce ta yi awa takwas tana tafiya ne kimanin ɗigo 21 a minti. In ta ƙare cikin awa ɗaya a jikin tsoho mai ciwon zuciya ko ƙaramin yaro, ruwan yana iya taruwa a huhu. Aikin mataimakiya a nan ido ne kawai: ta faɗa in ruwan ya kusa ƙarewa, in ya tsaya, in hannun ya kumbura, in gudun ya sauya. Ba ta taɓa makullin, ba ta sauya leda. Ƙarin jini kuwa, minti 15 na farko nas ce ke tsaye a bakin gadon.

Tsafta ba ta buƙatar dogon bayani, sai dai a duba haɗin da ido. Bilicin da ke da ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya a awo shida na ruwa shi ke ba da kashi 0.5 da ake goge jini da shi, kuma sabo ake haɗawa kullum, don yana rasa ƙarfi. A lokacin zazzaɓin Lassa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allurar da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi, kuma wadda ta yi allurar ita ke jefa ta a kwalin zubar da allurai, ba a barin ta a kan gado mai gyaran zani ya soke hannu.

Abin da ke lalata duk wannan tsari cikin dare ɗaya shi ne tsawa. Mataimakiya ta taso nas ƙarfe uku na dare ta ce numfashin gado na tara bai yi mata ba, nas ta je ta ga ba komai, ta dawo tana faɗa. Gobe in ta ga abin da ya fi haka, za ta yi shiru ta jira safiya. Gara a tashe ni a banza sau goma. Gyara kuma ana yin sa ne a gefe, ba a gaban majinyata ba, a nuna yadda ake yi da hannu, sannan a dawo a ga ko ya zauna. Wadda ta ce "Sista ban iya wannan ba" ta fi wadda ta karɓa ta je tana gwadawa a jikin mutum.

Rubutu ma haka. Nas ba ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba ko ba ta tabbatar ba. In mataimakiya ce ta auna, a rubuta lokacin da aka auna na gaskiya, ba a zauna da asuba a cike layukan dare gaba ɗaya da biro ɗaya ba. Wajen miƙa aiki, a bi gado-gado, mataimakan su ma suna tsaye, don sau da yawa su ne suka san wane ne bai ci abinci ba, wane ne bai yi bahaya ba kwana uku.

Akwai kuma zamewar da ke faruwa a hankali, wadda laifinta na nas ne ba na mataimaki ba. Yau aiki ya yi yawa, an ce ya cire wa wani robar ƙarin ruwa. Wata mai zuwa yana sauya leda. Kafin shekara yana yin allura, majinyata na ce masa likita, a unguwa kuma ana kai masa yara yana soka musu allura a ɗuwawu ba tare da ya san inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ba. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar haka, kowace nas ta ɗan ƙara masa ne a daren da ta gaji. Idan hannu bai isa ba, nas ta jera aikin bisa hatsari, ta yi na gaggawa da kanta, ta bar gyaran gado da wanka su jira, ta kira mai kula da aikin dare ta nemi ƙarin hannu. In ba a samu ba, ta rubuta a littafin rahoto adadin majinyata, adadin ma'aikatan da suka kwana, da ayyukan da ba a samu yi ba, da lokaci da sa hannunta, ta kuma faɗa wa mataron baki da baki da safe.